Ina Tuƙi a Kan Siminti, Rebeka

Limawa, Jimeta.

Zuwa ga Rebeka, uwar 'ya'yana, ruwan randata a zafin Afrilu, inuwar darbejiyar ƙofar gidana, ke da dariyarki kan riga ki shigowa ɗaki!

Karɓi gaisuwar da bakina ke kasawa duk Lahadin da na zo gidan 'yarmu Fibi, jikoki sun kewaye gadonki, talabijin na ta ihu, ni kuma na takure a kujera kamar baƙon da ya ɓata hanya. Shi ya sa yau na ɗauki biro.

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ke, 'yarmu ta tafi da ke gidanta a Yola, gidan nan ya zama bango da kwano kawai. Ba na ganin laifin Fibi. A gabana ta faɗa tana share hawaye: "Baba, ran da ka iya ɗaga Mama daga gado zuwa keken marasa lafiya kai kaɗai, ni da kaina zan maido maka ita." Gaskiya ta faɗa. Amma wace irin gaskiya ce wannan, mai raba mutum da matarsa saboda ƙarfin ƙugu?

To, ki yi dariya, masoyiyata: mijinki ya shiga wajen motsa jiki a Karewa, da furfurarsa da tumbinsa na fansho. Akwai wani inji a can, wai na tuƙin jirgi. Jirgi ba ruwa, ba kifi, ba gaɓa! Kujera ce mai zamiya a kan ƙarfe, sai sarƙa, sai fanka mai huci. Da na gan shi na ce a raina, yau za su san ɗan Numan ya iso. Kin tuna shekarar da Binuwai ta cika ta batse, na ƙetare da ke wurin iyayenki a kwalekwalen babana? Kina gaba kina rera waƙar coci da ƙarfi don kada in gane tsoro kike ji, ni kuma ina saran ruwa da filafili kamar zan raba kogin biyu. Ya Rebeka, da a ranar kin ce in ɗauki jirgin a ka, kina ciki, da na ɗauka!

Ashe abin da na iya shi ne zai cuce ni. Zadok, tsohon sojan da ke kula da wajen, ya tsaya a kaina yana kaɗa kai. "Baba, wannan ba kwalekwale ba ne fa. Ƙafa ne yana tura, baya yana bi, hannu na ƙarshe. Kai kana ja kamar mai jan akuya zuwa kasuwa." Ya nuna mini in miƙe gwiwoyi tukuna, in ɗan kishingiɗa, sannan in jawo mariƙin sarƙar zuwa ƙasan ƙirji. In zan koma kuma hannu ya fara tafiya, jiki ya bi, gwiwa ta lanƙwashe a hankali. Ya ce haka ma ake ɗaga mutum, da cinya, ba da kafaɗa ba. Kaina ya ɗauka sarai, jikina ne ya ƙi. Da na ɗan gaji sai kafaɗar dama ta karkace tana neman gefen jirgi, hannu ya ƙwace aikin, lambar da ke allon injin ta tsaya cak kamar an yi mata asiri.

Ba zan ce ban gyara ba. Yanzu bayana a miƙe yake, fankar ma ta canza murya. Sai dai gwiwoyin da ake so su yi aikin su suka riga ni tsufa, kullum na dawo sai na gasa su da ruwan zafi. Shekaranjiya na gwada kaina da buhun masarar da ke sito. Na durƙusa yadda aka koya mini, na rungume shi kamar ke ce, na tura da ƙafa. Ya taso har gwiwa, sannan muka zauna tare a ƙasa, ni da shi. Na daɗe a wurin. Damina ta wuce, wata na shirin zuwa, ƙarfin na shigowa da cokali, shekaru na kwasarsa da ƙwarya. Tsoro nake ji, Rebeka. Ina ganin ba zan kai ba.

Amma ba don wannan na rubuto ba. Lahadin nan na ga zoben aurenmu yana yawo a yatsarki, na ga kin ture romon kifin da a da har kwanonsa kike suɗewa. Da Fibi ta rako ni bakin ƙofa sai ta fashe da kuka, ta ce kin hana a cika miki kwano, wai kina so ki yi sauƙin ɗauka.

Haba, Rebeka! Haba, hasken idona! Ni ina can ina neman ƙarfi, ke kina nan kina rage kanki don mu haɗu a tsakiya? Wa ya ce miki rabin matata nake so? Na roƙe ki don Allahn da ya haɗa mu, ki ci. Ki ci tuwo, ki ci kifi, ki sha kunun gyaɗa, ki yi nauyi har Fibi da mijinta su riƙa nishi. In ma hakan zai hana ki sake kwana a ɗakinmu na Limawa, na yarda. Gara in yi ta shiga Keke Napep zuwa Yola ina zama a gefenki har ƙarfina ya ƙare, da in ɗaga ki da hannu ɗaya a ranar da ba za ki san na ɗaga ki ba.

Injin ba zan bari ba, gobe ma zan je, don ban san abin da zan yi da safiyata ba. Ke dai ki cinye abin da aka sa miki.

Naki ke kaɗai, a gida ɗaya ko a gida biyu, har ranar da Ubangiji zai kira ni,

Filimon