Memorin Da Maigidana Ya Ninka

Assalamu alaikum Anti Rukayya, don Allah ki agaje ni, kaina ya ɗaure.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake haɗa wa 'yan makarantarmu ta Islamiyya darasi, nan Shagari. Da na buɗe abu uku sai ta sandare. Za mu sake mata tsari, sai ta tambayi wuri nawa za a ware wa suwaf, wato ɗakin ajiyar wucin gadi a cikin faifanta. Maigidana Maniru ya ji a wani bidiyo cewa a ninka memori sau biyu. Ya zaro katin memorin da ke jikinta mai giga sittin da huɗu, ya ce ɗari da ashirin da takwas ke nan. To Anti, wurin ba ya samuwa sai na goge muryoyin Innata da ke cikin kwamfutar, Allah ya jiƙanta, da na ɗauka tana ba jikokinta labarin zamansu a Sifawa. Ƙanena Zayyanu kuma daga Bodinga ya ce suwaf aikin banza ne, kar a sa ko kaɗan. Yanzu gaisuwarsu ma da ƙyar. Wallahi ina jin nauyin Maniru, amma duk na kai hannu zan goge sai hawaye.

Mai Damuwa, Shagari.

Wa'alaikis salam, 'yar'uwata. Janye hannun nan tukuna!

Kalma ɗaya ce ta haɗa ku. Mu komai memori ne, amma mai bidiyon RAM yake nufi, tiren da kwamfuta ke aiki a kai, ba kati ba. Suwaf kuwa tabarma ce a gefe, inda take sauke abin da tiren ya kasa ɗauka. Duba RAM ɗinki. In giga huɗu ne, ki ware wa suwaf giga huɗu, iyaka takwas.

Maniru ya yi gaskiya, tsohuwar na'ura na son suwaf. Zayyanu ma bai yi ƙarya ba, suwaf a hankali yake, kuma yawansa ba ya ƙara gudu. Ki yi wa maigida bayani ku biyu, ba gaban ƙanenki ba.

Amma kafin a taɓa komai, kwashe muryoyin ki zuba a katin nan da ya tayar da rigimar, ki ba Zayyanu kwafi ya ajiye. Kwamfuta ana sake ta, Inna ba za ta sake ba da labarin Sifawa ba. Allah ya kai haske kabarinta, ya daidaita tsakaninku.