Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Ikilima, ƙanwata, kina ina ne haka? Sau uku na kira wayarki ba ta shiga, shi ya sa na zauna ina danna wannan da yatsa ɗaya, ki yi haƙuri da rubutuna. Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara a Yamai. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Tanout lau muke, an gama girbi, hatsin bana ba laifi. Ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maganar yaron nan ce, amma ki kwantar da hankalinki, bai tafi ba. Kin san tun yaye yake hannun Inna a Tenhya cikin makiyaya, sai bara ya dawo wurinmu don karatu. A lakwal, makarantar bokon nan, suna ce masa ɗan daji saboda Hausarsa ta gauraya da Buzanci, in ya je hutu Tenhya kuma su ce ga ɗan birni. Ni kuwa ina nan da kunyar ɗan fari yadda muka taso muka gani. Ba na kiran sunansa, ba na zama kusa da shi, tuwonsa ma ƙanwarsa Husaina nake ba wa ta kai masa. Ashe yana ta ajiye abin a ransa. Ranar Talata Husaina ta ga jakarsa a ɗaure ƙarƙashin gado. Ya gaya mata motar Agadas zai bi, wai ba wanda ya san shi a gidan nan, bai ma tabbata ni na haife shi ba.

Nan na tuna maganarki ta ranar salla, wadda na yi wa dariya. Kika ce kun karanta cewa yaro in ya kai shekarun nan abin da ke cinsa shi ne ya san shi wane ne, na wa ne, in bai samu amsa a gida ba waje zai nema. Na ce boko ne ke damunki. Ki yafe min.

Da la'asar na same shi a zaure yana wanke takalmi. Shekara sha shida ban furta sunan ba. Na daure na kira shi Safiyanu. Ga shi yau har na rubuta. Bai juyo da wuri ba, ya ɗauka wata ce. Na zauna kusa da shi na ba shi labarin ranar da aka haife shi a Belbeji ana ruwa, da ranar da Inna ta goya shi ta tafi, na ɓuya bayan rumbu ina kuka kada a gani. Na ɗauko 'yar hularsa ta jarirai daga ƙasan adakata na ba shi. Ya daɗe yana juya ta. Da daddare ya cinye tuwonsa tas, jakar kuma ya kwance ta, Husaina ce ta leƙa ta gani.

Inna ta aiko wai na zubar da kunya. To, na zubar. Ban ce komai ya gyaru ba, har yanzu yana ɗan noƙewa, amma ni dai na samu barci.

Ki gaida Abdulgafar da Rukayya da auta Balki, ki ce mata… Tsaya, ana buga ƙofa. Bugunsa ne, an tashi lakwal. Bari in tashi kada Husaina ta riga ni, ni nake so in buɗe masa in ce