Babu Matsala, Yallaɓai

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi?

Inna, na gaji da ɓoye miki. Kofur ya dawo daga fagen daga ko ƙwarzane babu, amma ba mijin da na sani ba ne. Murfin tukunya ya faɗi, sai ki gan shi ƙarƙashin tebur. Rannan 'yarmu takwararki ta lallaɓo ta bayansa ta rufe masa ido da wasa, ya yi jifa da ita, goshinta ya fashe. Ya zauna yana kuka har ya fi ta. Yanzu dai ya yarda zai ga likitan ƙwaƙwalwa na bariki, har bitar abin da zai faɗa muka yi. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, Allah ya ƙara girma.

Mun je, kuma tir da abin da na gani. An jera sojoji a baranda cikin kaki, wani saje mai ƙaton tumbi yana daka musu tsawa kamar masu fareti. Likitan kansa hafsa ne, taurari reras a kafaɗa. Ƙofarsa a wangale, duk na kan layi suna ji. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kofur, akwai matsala?"

Inna, mutumin nan ya ƙame, ya sara masa. "Babu, yallaɓai!"

To me zai ce? Tun da ya shiga soja amsar da aka dasa masa ke nan idan na sama ya tambaya, ko da hanjinsa na waje. Na yunƙura zan yi magana, saje ya ce mata su koma bakin ƙofa. Duk layin nan haka aka sallame su, wai kowa garau. Wannan asibiti ne ko wasan yara?

Da muka dawo, takwararki na hango shi ta ɓuya bayan labule. Ya daɗe yana kallon 'yan ƙafafunta.

Ki turo Yaya ya zo ya ɗauke ta, ta zauna wurinki. Kada ki ce ni na yanke. Shi ya roƙa, kuma da hannunsa ya ninke mata kaya.

A gaida mutanen gida.

'Yarki,
Auta