Tsakuwar da Ta Rage a Gwangwani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai nake farawa. Ni ne mahaifinku, wanda unguwa ta sani da Baba Magini, har ranar da aka zaɓi ɗan'uwanku suka mayar da ni Baban Kansila, sai ka ce kafin shi ba ni da suna. Wannan magana taku ce ku uku: Direba babbanku, Kansila, da Malama auta.

Ina cikin hankalina. Gwiwa ce ta ƙi, numfashi kuma ya fara yi mini rowa, amma kan nan lafiyarsa lau. Har gobe zan faɗa muku wanda ya haƙa kowace rijiya a unguwar nan da wanda ya cike ta. Ban taɓa zama a aji ba, don haka Malama ce ke riƙe da biro. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki kamar ɗalibanta. In kun ga magana ta karkace, tawa ce.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, ku raba yadda addini ya shimfiɗa, ba ni da ta cewa a nan. Abin da zan ambata a ƙasa kyauta ce na yi da raina, a gaban Liman da Mai Faci, kuma sun ji da kunnensu.

Na biyu. Kayan ginina na bai wa Malama. Kada ku yi dariya. Cikinku ita kaɗai ce take ɗaukar abu ta mayar da shi inda ta same shi. Ban da babbar guduma, tana da aiki, zan zo kanta. Tsanin da ke jingine bayan ɗakin girki kuwa ba nawa ba ne, na Mai Fenti ne. Shekara shida yana wurina, kullum ya tambaya sai in ce ban gama da shi ba. Ku mayar masa da abinsa, ku ba shi haƙuri.

Na uku. Bencin ƙofar gida na Kansila ne, da sharaɗin ya zauna inda yake. Kansila, na ji ana ba ka shawara ka sa ƙyauren ƙarfe, ka ce kowa ya same ka a ofis. Ofishin nan a saman bene yake, ga mai gadi a ƙofa. Tsohuwar da famfon layinsu ya ƙafe ba za ta hau bene ba, gida za ta koma ta ce an kore ta.

Shekara biyar ke nan ina zaune a ƙarshen bencin nan kowace safiya, ban taɓa ganin ka sha shayinka da zafi ba. Wannan ya zo bola ta cika ta tare hanya, wancan iska ta yaye rufin aji, wannan fitilar titi ta mutu, wancan sa hannu yake so a takarda. Ga masu tireda da aka ce su tashi daga bakin titi, ga wanda akuyar maƙwabci ta cinye wa shuka yana so lalle gwamnati ta sani. Wayarka kuwa ba ta hutawa, har matarka ta raɗa mata suna Maigida. Da farko na ƙi aikin nan, kun sani. Na ce wanda bai iya ɗora bulo a kan bulo ba, me zai gina wa jama'a? Na janye maganar, amma rabi.

Abu guda nake so ka riƙe. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba. Na ga mutanen da aka ce wa a'a sun tafi da fushi, washegari sun dawo an gaisa. Waɗanda aka yi ta ce wa su dawo gobe su ne suka daina gaisuwa. Ku biyun kuma, in kuna da buƙata wurinsa, ku zauna a benci ku bi layi kamar kowa.

Na huɗu. Gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin bencin. Jikokina suna tsammani wasa nake da shi. Shi ne littafina. Duk wanda ya kawo kuka, sai ya tsinci tsakuwa ɗaya ya ba ni, in juya ta a hannu, in jefa ciki. Na san kowace da mai ita. Mai faɗin nan ta famfon layin makaranta ce, jar ta rufin aji, mai tsaga ta ramin da ke gaban kanti. Ran da aka yi aikin, mai ita ya zo ya ɗauki abarsa ya yar. Duk Asabar nakan zazzage su a tabarma gaban Kansila, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau nawa sakatarensa ya manta da fayil a hannu, gwangwani bai manta ba. Wannan makon zan faɗa wa Malama mai kowace tsakuwa ta rubuta, tunda ku sai da takarda kuke tunawa.

Akwai guda ɗaya da ban taɓa bari ta faɗo kan tabarma ba, kullum nakan danne ta da yatsa a ƙasan gwangwani. Baƙa ce, sumul. Saboda ita na sa a rubuta wannan takarda.

Na biyar. Katangar baya. Shekara talatin da huɗu da suka wuce, kusurwar bayan gidan nan ba cikin gida take ba, hanyar ruwa ce. In an yi ruwan sama, ta nan na layinmu yake bi ya faɗa babbar kwata. Ni na ja katanga na haɗe ta da gida, don in sami wurin ɗaure tumaki. Ni magini ne, na san sarai inda ruwan zai koma: lungun baya, ƙofar maƙwabcinmu Tela. Ranar da nake ginin, Tela, Allah ya jiƙansa, ya zo ya ce mini hanyar ruwa ce wannan. Da gefe ya ja ni, da wataƙila na sauke. Amma a gaban leburorina ya faɗa, har da nuna ni da almakashi. Sai na ƙara sahu biyu a sama. Har ya rasu, gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu.

Tun daga nan, kowace damina gida bakwai na lungun baya suna kwasar ruwa da bokiti. Matar Tela, Mai Kitso, gadonta a kan bulo yake. Makon farko da aka rantsar da Kansila ta zo benci, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi gwiwa. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da baƙar tsakuwar nan, irin wadda ruwa ya goge, ta jefa cikin gwangwani da hannunta. Ta juya ta tafi, ni kuwa na san ta mece ce.

Kansila, kana tsammani ban sani ba. Ranar da injiniya ya zo da abin awonsa, ina bayan taga. Na ji ya ce ko kwalbati goma aka sa, sai an buɗe kusurwar nan. Na ji ka ce masa muddin mahaifinka yana numfashi, ba mai taɓa ginin da ya yi da hannunsa. Abin da ake faɗa a taron unguwa ma yana iso ni, wai ka gyara kwatar kowa ka tsallake ta bayan gidanku. Kakan haɗiye, ka dawo ka gaishe ni kamar ba komai. Na ji daɗin wannan ladabi, ba zan ɓoye ba. Shekara uku ina jin daɗinsa, mutane suna kwasar ruwa. Amma bana bangon ɗakin Mai Kitso ya tsage. Na dogara sanda na je na gani, na sa yatsa cikin tsagar. Ba zai ɗauki wata damina ba, kuma a ƙarƙashinsa take kwana.

To ga hukuncina. Kusurwar nan, taku huɗu daga turken tumaki zuwa lungu, na fitar da ita daga gida. Ba ta cikin gado. Ta ruwa ce, na mayar masa da abarsa.

Na shida. Direba, na san ka sa ido a kusurwar nan don shagon kayan mota, na kuma san saboda ita wata tara ke nan ba ka sa hannu a kwano ɗaya da ƙaninka ba. Ka ce yana so ya sayi suna da ƙasar ubanku. Bai nema ba, ko sau ɗaya bai buɗe baki ba. In fushi za ka yi, ga ni nan, da ni za ka yi. Ka ɗauki ɗakin da nake ajiye kayan gini, titi yake kallo, ya fi kusurwar kasuwa, kuma ƙannenka sun yarda. Kai ka fi kowa kama da ni, shi ya sa nake ji maka tsoro. Kada ka ƙara sahu biyu a kan maganar da ka san ba ka da gaskiya.

Na bakwai. Da farko na ce a bar katangar sai bayan raina. Malama ta ajiye biro ta dube ni, ta ce ita ba ta san ranar tafiyata ba, amma ta ga hadari ya fara haɗuwa. Ita ma ta gado baki. To an goge wancan. Asabar mai zuwa da hantsi, bayan an tashi daga benci, ku fito mini da kujerata lungun baya. Gudumar tana bayan ƙofar ɗakina. Direba ya fara bugu don shi ne babba, Kansila ya karɓa. Ku fara daga sahu biyun sama. Kada a kira mai ɗaukar hoto, kada kuma a sa shi cikin ayyukan Kansila, wannan ɓarnar gida ce gida yake gyarawa. Ina faɗa muku tun yanzu za ku sha wuya, don ban taɓa yin ginin banza ba. Bulon da ya fita lafiya a gyara bangon Mai Kitso da shi, ni zan nuna yadda za a ɗora daga zaune.

Baƙar tsakuwa kuwa kada kowa ya taɓa ta. Ran da aka yi ruwan farko ya wuce ta hanyarsa, in ina nan ni zan kai wa Mai Kitso abarta. In ba na nan, ku je ku uku tare, ku ce mata Tela ne mai gaskiya, ni na faɗa.

Na yi zamana, na gode wa Allah. Na rufa ɗakuna da yawa a unguwar nan kuma ba wanda ya faɗo wa mai shi. Na ga jikoki, na ga mutane suna fitowa da sassafe don su zauna a ƙofata. Mahaifiyarku ta riga ni, Allah ya haskaka kabarinta, ita ta fara ce mini in rushe katangar nan, ga shi sai yanzu na ji.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya tsare Direba a hanya, ya sanyaya wa Kansila zuciya a kan jama'a, ya ƙara wa Malama haƙurin da ta yi da ni yau. Ku riƙe juna. Ku ci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako, kuma duk wanda zai faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya ya ja shi gefe tukuna. Na yafe muku, ku yafe mini.

Malama, rufe biro. A je a duba ƙotar gudumar nan kafin Asabar, na ga kamar ta saki.