Rigar Sanyin da Na Saya Don Lubnan

Daren Laraba, 9 ga Shawwal

Yau kwana uku da tafiyar su Haruna Lubnan. Haruna ya bugo waya da la'asar yana dariya: "Wallahi ya akhi, dutse na uku ke nan muka hau. Zamiya muke a kan ƙanƙara, ina ta faɗuwa!" Na ce mabruk.

Mu shida muka shirya tafiyar nan tun bara. Ni kaɗai kafilina, ubangidan da nake wa aiki a nan Saudiyya, ya hana fasfo, wai wa zai kula da dabino? Baɗi ma haka zai ce, na sani.

Rigar sanyin da na saya a unguwar Anbariyya ta Madina dai ba ta tashi a banza ba. Yau na sa ta a ɗakin sanyin dabino, ina jera kwalaye. Lubnan ɗina ke nan.