Takardar da Na Tsinta a Aljihunka

Baban Hauwa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ko da kake da rai ba kasafai kake saurarona ba, don haka ban yi asarar komai ba.

Gida lafiya. Hauwa ta ci gaba da zuwa makaranta, ƙaninka Sale ya karɓi shagon hatsi, ni kuma saura kwana tara in fita takaba.

Shekaranjiya ina haɗa kayanka na sadaka na tsinci takardar likitanka na Abuja a aljihun babbar riga. Hauwa ta karanta ta fassara min. Ashe allurar da kake zuwa yi saboda ciwon gaɓoɓi, garkuwar jiki take kwantarwa. Shi ya sa kumburin ya sauka, shi ya sa kuma funfunar da ba ta yi wa mai lafiya komai take iya kama huhunka. An rubuta ƙarara: ka guji ƙurar hatsi mai funfuna, in tari ya kama ka kuma ka gaya wa duk likitan da ya duba ka. Har sa hannunka na gani a ƙasa.

Ni kuwa ce min ka yi allurar ƙarin ƙarfi ce.

Ka tuna da ruwa ya shiga sito, masarar da aka kawo daga Shabu ta yi baƙi? Ni na dame ka. Na ce tunda gwiwa ta saki, ka shiga ka zazzage buhunan a shanya. Har tsiya na yi maka, wai ka zama ɗan hutu. Ka yi dariya ka shiga. Kwana uku kana cikin ƙurar nan, ko ƙyalle ba ka ɗaura a hanci ba. Kalma ɗaya ce ta gagare ka?

Da tari ya zo, wata biyu ana ɗura maka maganin tarin tibi a banza. Ina zaune likita ya tambaye ka ko kana kan wani magani, ka ce babu. Don kada 'yan kasuwa su ji Alhaji ya yi rauni? To ni 'yar kasuwa ce? Shekara ashirin da biyu muna tare. Sai da ka fara tofar da jini aka gano funfuna ce, lokacin ta gama da huhun.

Na san kwananka ne ya ƙare, ban ja da Allah ba. Da kai nake. Ka bari na tura ka da bakina.

Ranar da za a fita da kai, yayanka ya leƙo ya tambaye ni, kamar yadda aka saba, ko na yafe maka. Na ce duniya da lahira. Amma abin da na sani na yafe, ban san da wannan ba. Kowace salla ina roƙon Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Tawa yafiyar kuwa, ka ɗan jira ni. Ban iya ba tukuna.

Sai mun haɗu.

Matarka,
Maman Hauwa, Lafia