Faranti Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Brisbane, 9 ga Janairu

Yaya Noeleen,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Ina fata mangwaro ya yi albarka a Bowen bana.

Na koma aikina a ɗakin binciken sankarar fata, ina ciyar da ƙwayoyin cutar da aka yanko daga jikin marasa lafiya, muna rainonsu a ƙananan faranti. Ba a rubuta suna, sai lamba. Ranar Talata aka miƙo min lamba 41, na duba takardarta: namiji, shekara hamsin da biyu, manomi, kafaɗar hagu. Har ranar tiyatar ta yi daidai. Yaya, Warwick ne. Ina zaune kusa da shi ya sa hannu a takardar yarda a yi bincike da abin da aka yanko, yana dariya wai bai taɓa yi wa kowa kyauta mai muni irin wannan ba.

Shekara biyu da binne mijina, ga wani yanki na jikinsa yana ci yana girma a hannuna. Ke kaɗai na gaya wa.

Ƙanwarki,
Lorraine

2 ga Fabrairu

Yaya,

Na ga wasiƙarki, na gode. Kin ce in nemi a sauya min aiki. Na kasa.

Shugabarmu, Dokta Halloran, ta gano cewa a cikin ƙwayoyin 41 akwai wani furotin da ya sauya kama. Shi ne ke sa su saki juna su kama tafiya. Ta nuna mana hoton bidiyo na kwana uku da aka taƙaita. Baƙaƙe ne wuluk, suna miƙa wani abu kamar yatsu suna jan jiki. Haka suka bi jikinsa daga kafaɗa zuwa hanta, muna zaune muna shan shayi ba mu sani ba.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne, duk gefe ɗaya suke nufa, gefen ƙofar akwatin ɗumin da muke ajiye su, inda nake tsayawa. Dokta ta ce kantar ce ta ɗan karkace. Na juya farantin. Bayan kwana biyu suka juyo.

Na fara yi musu ina kwana.

Taki,
Lorraine

20 ga Fabrairu

Yayata,

Ina gaishe ki, ki gaida yara.

An kawo maganin gwaji da ake fatan zai toshe furotin ɗin, kuma ni aka ce in zuba. Na daɗe a tsaye har Dokta ta tambaye ni ko lafiya. Sai na faɗa mata gaskiya. Ta ce ita za ta zuba. Na ce, "A'a. Ni na yi jinyarsa."

Na zuba, Yaya. A rana ta uku sun janye yatsun, sun dunƙule, babu mai motsi. Abokan aiki sun sayo kek. Dokta ta ce tafiyar da nisa kafin ya kai ga marasa lafiya, amma an samu bakin zare. Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na fito na ce mata to shi ke nan, ya huta. Ta ce dole a maimaita gwajin, kuma akwai sauran kwalabe talatin da shida na 41 a firiza.

Litinin zan narkar da ta gaba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Lorraine